Antibodi: Abin Da Ke Aiki Cikin Tsinken Gwajin Maleriya

Tsinken gwajin maleriya da muke saye a kemis, ko a Legas ko Fatakwal, antibodi ne ke aiki a cikinsa. Furotin ne da garkuwar jiki ke haɗawa, kowanne da abin da yake ganewa ya cafke. A 1975 Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da iri guda zalla a ɗakin bincike a Ingila. Da irinsa masana ke farautar furotin cikin jini ko tsoka.

Na maleriya yawanci HRP2 yake nema, furotin ɗin ƙwayar cutar. Inda nake so ku lura, HRP2 kan yi makonni a jini bayan an warke. Layi biyu bayan gama magani ba lallai sabon kamu ba ne, sai an duba jinin a madubin asibiti.