Bunƙasar Bidiyon Intanet da Harkar Nishaɗi a Indonesiya

Indonesiya, ƙasa mai tsibirai sama da 17,000 a kudu maso gabashin Asiya, na sahun gaba a duniya wajen yawan masu amfani da YouTube da TikTok. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa al'ummarta ta kai miliyan 270, kuma akasarin masu shiga intanet a ƙasar da wayar hannu suke amfani.

Kafin zuwan intanet, talabijin ne ke riƙe da ragamar nishaɗi. An kafa gidan talabijin na gwamnati, TVRI, a 1962, sannan RCTI, tasha mai zaman kanta ta farko, ta fara aiki a 1989. Tashoshi masu zaman kansu ne suka yaɗa wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake kira sinetron. A fagen waƙa kuwa, salon dangdut, wanda ya haɗa kiɗan Malay da na Indiya da na Larabawa, ya yi tashe tun shekarun 1970 a hannun Rhoma Irama.

Da wayoyi suka wadata, sai matasa suka fara samun suna ba tare da bi ta gidajen talabijin ba. A 2019, Atta Halilintar ya zama mutum na farko a yankin da ya tara mabiya miliyan 10 a YouTube. Taurarin talabijin ma sun bi sahu: Raffi Ahmad da matarsa Nagita Slavina sun kafa kamfanin RANS Entertainment. Kamfanin Emtek kuma ya ƙaddamar da manhajar Vidio a 2014, wadda ke gogayya da Netflix da fina-finan gida da wasannin ƙwallon ƙafa.

Sinima ita ma ta ci gajiyar lamarin. Fim ɗin ban tsoro KKN di Desa Penari, wanda ya samo asali daga wani labari da aka wallafa a Twitter a 2019, ya jawo 'yan kallo kimanin miliyan 10 bayan fitowarsa a 2022.

Sai dai bunƙasar ta zo da taƙaddama. Hukumomi sun toshe TikTok na kimanin mako guda a watan Yulin 2018 bisa zargin yaɗa abubuwan baɗala. A 2023, bayan 'yan kasuwa irin na Tanah Abang da ke Jakarta sun koka kan raguwar ciniki, gwamnati ta haramta saye da sayarwa kai tsaye a shafukan sada zumunta. An rufe TikTok Shop a watan Oktoba, amma ya dawo a Disamba bayan TikTok ya amince ya zuba dala biliyan 1.5 a kamfanin Tokopedia. Haka kuma, masu kare haƙƙin ɗan Adam na sukar dokar sadarwar intanet ta 2008, suna cewa ana fakewa da sashenta na ɓata suna wajen gurfanar da masu sukar hukuma.