Tarihin Dokar Kashin Dabbobi a Amurka da Darasin da Ke Ciki Ga Mu 'Yan Kara



Duk wanda ya tashi a Arewa ya san kashin shanu dukiya ne, domin bayan kaka manomi har dawa yake ba Bafulatani don ya sauka a gonarsa shanu su zuba masa taki. Amma wanda ya taɓa tsayawa kan gadar Kara a hanyar Legas zuwa Ibadan ya leƙa kogin Ogun da damina, ya san cewa idan takin nan ya taru wuri ɗaya, babu gonar da za ta shanye shi, masifa yake zama. Shi ya sa na ga ya dace in kawo mana tarihin yadda Amurkawa suka yi fama da wannan matsala.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kiwo a Amurka ya fara komawa irin turkar da muke yi wa ragon layya, sai dai su dubban dabbobi ake killacewa wuri guda ana ɗura musu masara. A 1972 majalisar ƙasar ta yi dokar tsabtace ruwa, wadda ta sa irin waɗannan gidajen kiwo cikin wuraren da ba su da ikon zuba ƙazanta a kogi sai da lasisi, tamkar masana'antu. Hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da ma'auni: wurin da ake tsare shanun yanka 1,000, ko shanun tatsa 700, ko manyan aladu 2,500, na aƙalla kwana 45 a shekara, ya shiga sahun manya. Doka ta yi kyau a takarda, amma an daɗe ba a bin ta sosai.

A jihar Karolina ta Arewa asiri ya tonu. Can aladu suke kiwo, ba sana'armu ba ce, amma ƙazanta ba ta san irin dabbar da ta fito daga cikinta ba. Cikin shekara goma kacal yawan aladun jihar ya tashi daga ƙasa da miliyan 3 zuwa kusan miliyan 10. Kashinsu da fitsarinsu ana tara su a manyan kududdufai, a riƙa fesawa a gonakin kusa. A watan Yunin 1995 gaɓar wani kududdufi ta ɓalle, fiye da galan miliyan 20 na ƙazanta suka kwarara cikin kogin New, kifaye suka yi ta mutuwa. Sai a lokacin gwamnatin jihar ta farka, a 1997 ta dakatar da gina sababbin manyan gidajen kiwon. A 1999 guguwar Floyd ta zo da ambaliya, kududdufai suka cika suka tumbatsa, gawawwakin dabbobi suna yawo a kan ruwa. Daga nan jihar ta fara biyan masu gidajen kiwon da ke fadama su rufe, a 2007 kuma ta haramta haƙa sabon kududdufi. Amma an bar tsofaffin, shi ya sa da guguwar Florence ta zo a 2018 aka sake ganin irin wannan ɓarna.

A matakin tarayya ma ba a huta ba. A 2003 EPA ta ce kowane babban gidan kiwo sai ya nemi lasisi, ya kuma rubuta yadda zai yi da takinsa. Masu kiwo suka garzaya kotu, hukuncin 2005 da na 2011 suka rage wa dokar ƙarfi, aka ce lasisi bai wajaba ba sai a kan wanda ƙazantarsa ke shiga ruwa. Wanda ya fi shan wahala a duk wannan ja-in-ja shi ne talakan da ke maƙwabtaka, mai shaƙar wari yana shan ruwan rijiya.

To jama'a, abin lura shi ne, a can doka ba ta zo ba sai bayan ɓarna. A nan kuwa idan ta zo, sau da yawa da tashi take zuwa, kamar yadda aka yi a 2018 lokacin da gwamnatin Oyo ta tashi mahautan Bodija zuwa Amosun, rikici ya ɓarke har aka rasa rayuka. Mu da muke zaune a garin wasu, ruwan da muka ɓata shi ne hujjar farko da za a kafa a kanmu. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kara su zauna tun yanzu, a hana zuba kashi da jini a kogi, a ware wurin tara taki nesa da gaɓa, a nemi masu lambu su riƙa saye. Tun ran gini ake zane.

Allah Ya sa mu dace, Ya bar mu lafiya da masu masaukinmu, amin.