Farfesa Umaru Shehu da Jarin Yarda a Aikin Lafiyar Al'umma

Idan ana tarihin masana, an saba a ware aikin mutum gefe guda, rayuwarsa ta gida gefe guda. A fannin lafiyar al'umma wannan rabuwar ba ta tsayawa. Likitan tiyata hannunsa ake dubawa. Mai neman uwa ta miƙo ɗanta a ɗiga masa rigakafi kuwa, asalinsa da halinsa ake fara tambaya.

Rayuwar Farfesa Umaru Shehu hujja ce. An haife shi a Borno a 1930, ya yi karatu a Ibadan da Ingila, ya jagoranci sashen lafiyar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daga 1978 zuwa 1980 shi ne shugaban Jami'ar Nsukka: Babarbare Musulmi a tsakiyar ƙasar Ibo, shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa. Ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, amma gida ya koma, a Maiduguri ya rasu a 2023.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 2003, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa yana hana haihuwa. Zargin ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ba. Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin binciken maganin, kuma a ganina ba don takardunsa kaɗai ba. Ana bukatar dattijon da malamai da sarakuna ba za su kira shi bare ba.

Duk da haka, shaidarsa ba ta wadatar nan take ba. Sai a Yulin 2004 Kano ta dawo da rigakafin, bayan an samo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta bazu a ƙasashe maƙwabta, har da Nijar.

Nan batun ya shafi garin Gure da ke Nijar. Tsohuwar ƙasar Muniyo, inda Gure yake, ta daɗe tana kallon Borno, kuma zumunci da fatauci ba su san iyaka ba. Jita-jita ma haka. Maganar da aka yi a Kano ko Nguru tana riga motar rigakafi isa ƙauye. Ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Damagaram, in ba ya jin Mangaranci, harshen yankin, ba a taɓa ganinsa a suna ko jana'iza ba, dole ya ari mutuncin liman ko mai gari kafin a buɗe masa ƙofa.