Yadda takarda mai aibi ta zama dalilin soke umarnin biyan bashi

Tun ranar 16 ga Fabrairu 2024, kamfanin da kotu ta umarta ya biya bashi a Nijar kwana 10 gare shi ya ƙalubalanci umarnin, maimakon 15 na da. Ga ɗan kasuwar Yamai abin da sauƙi. Ga kamfanin da ke haƙa rijiya ko sayen dabbobi a Tenhiya, can arewacin Damargu, kwana biyar ɗin da aka zaftare suna iya raba shi da dukiyarsa.

A zamanin ayari, lokacin da Azbinawa ke ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano, baki da shaidu ne ke riƙe bashi. In an yi musu a je gaban alƙali: mai da'awa ya kawo hujja, mai ƙaryatawa ya rantse. Faransa kuwa ta shigar da hanyar gaggawa cikin dokarta a 1937, inda alƙali ke duba takardun mai bin bashi kaɗai, ya ba da umarni ba tare da ya ji ta bakin wanda ake bi ba.

Dokar da muke ƙarƙashinta yau ta faro ne daga Port-Louis, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ranar 17 ga Oktoba 1993, da Nijar a ciki, bisa aikin da masanin shari'ar Senegal Kéba Mbaye ya jagoranta. Ranar 10 ga Afrilu 1998, a Libreville, aka amince da dokar karɓo bashi. Ta ce dole bashin ya zama tabbatacce, adadinsa sananne, lokacin biyansa ya yi. Dole a kai wa wanda ake bi umarnin cikin wata uku, in ba haka ba ya faɗi. Takardar da za a miƙa masa kuma sai ta bayyana kuɗin, da ruwansa, da kuɗin kotu, ta faɗa masa wa'adin ƙalubalanta da kotun da zai nufa. In ɗaya ya ɓace, ana iya rushe ta, kuma kafin gyaran 2023 kotun ƙolin OHADA da ke Abijan ta daɗe tana riƙe da haka ko mai ƙorafin bai nuna asarar da ya yi ba.

Masu bin bashi suna cewa wannan mafaka ce ga masu taurin bashi. Wasu kuma na ganin tsabar son takarda ne irin na Faransa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Tunda an yanke hukunci ba a kira mutum ba, takardar nan ce kaɗai ta maye gurbin shaidu da zaman gaban alƙali, don haka dole ta cika. Hatta dokar kamfanonin Ingila ta 1862, wadda Najeriya ta bi sawunta, sai da ta ba kamfani mako uku bayan takardar neman biya kafin a ɗauke shi a matsayin wanda ya gaza.

Gyaran da aka yi wa dokar a Kinshasa ranar 17 ga Oktoba 2023, wanda ya rage wa'adin zuwa kwana 10, ya karkata wajen masu bin bashi. Yanzu kuskuren tsari ba ya soke takarda sai mai ƙorafi ya tabbatar ya cutu da shi. Na amince a daina rushe shari'a saboda kuskuren da bai cuci kowa ba. Amma haɗa wannan da rage wa'adi ya yi nauyi. Ƙarin kwanakin da doka ke bayarwa saboda nisa ba ya magance matsalar mai kamfani a Tenhiya ko Belbeji, wanda sai ya nemo mai karanta masa Faransanci, ya nemo lauya, sannan ya nuna wa kotu yadda kuskuren wani ya cuce shi.