Matsayin Matar da Mijinta Ya Rasu Kafin Tarewa: Tarihin Wani Hukunci

A ƙasar Hausa akan sami rata tsakanin ɗaurin aure da tarewa, wani lokaci har watanni. Idan ajali ya riski ango a cikin wannan rata, sau da yawa dangi sukan ɗauka cewa amarya ba ta da rabo a dukiyarsa, tun da ba ta shiga ɗakinsa ba. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin hukuncin, domin mu nuna cewa wannan zato ba shi da tushe.

Mas'alar ta taso tun zamanin Sahabbai. A Kufa an tambayi Abdullahi ɗan Mas'ud game da mutumin da ya auri mace, bai yanka mata sadaki ba, bai kuma sadu da ita ba har ya rasu. Ya yanke cewa tana da sadaki irin na takwarorinta, za ta yi takaba, kuma za ta ci gado. Nan take Ma'aƙilu ɗan Sinan ya shaida cewa haka Annabi (SAW) ya hukunta wa Barwa'u 'yar Washiƙ. Wannan shi ne abin da Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a 767, ya riƙa.

A Madina kuwa an bi wata hanya dabam. Imamu Malik, wanda ya rasu a 795, ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wani ɗan Abdullahi ɗan Umar ya rasu a irin wannan hali. Da uwar yarinyar ta nemi sadaki, sai aka kai maganar gaban Zaidu ɗan Sabit, ya hukunta cewa ba ta da sadaki, amma tana da gado.

Abin lura a nan shi ne, saɓanin Kufa da Madina bai wuce sadakin da ba a ambata ba. Gado kuwa duk sun haɗu a kansa, domin ƙulla auren shi ne sababinsa, ba saduwa ba. Aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta ba mata rubu'i idan mamaci bai bar ɗa ba, ko tumuni idan ya bari, ba ta kuwa gindaya sharaɗin tarewa ba. In an riga an yanka sadaki, mutuwa tana cika shi gaba ɗaya, saɓanin saki kafin saduwa, inda rabi kawai ake biya kuma babu idda.

Hukuncin Madina shi ya iso ƙasarmu ta hanyar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, littattafan da alƙalanmu suka dogara a kansu tun kafin zuwan Turawa. Malikawa sun keɓe auren wanda ke cikin ciwon ajali: ana ɓata shi, kuma babu gado, don kada a shigo da sabon magaji a tauye na asali.

Saboda haka muna ganin wajibi ne masu rabon gado su fara da tambayar ingancin ɗaurin auren. Matuƙar an sami waliyyi da shaidu, matar da za a ɗora wa takabar wata 4 da kwana 10 ba ta cancanci a hana ta rabonta ba.