Yadda ake bin sawun asalin al'umma ta wajen uwa

A ƙasar Hausa, ta wajen uba ake ƙirga nasaba. Amma masana kimiyya na da wata hanya ta bin tarihin jama'a wadda ke bi ta wajen uwa kaɗai.

A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, masu samar wa jiki kuzari. Suna ɗauke da nasu ƙwayoyin gado na DNA, mai harufa 16,569, wanda aka fara karanta shi gaba ɗaya a Cambridge ta Ingila a 1981.

Ɗa da 'ya duk suna gadonsa daga uwa, amma mace ce kawai ke miƙa shi ga 'ya'yanta. Lokaci zuwa lokaci ana samun ɗan sauyi a harufan, kuma da waɗannan sauye-sauye ake gane zuriyoyi da kimanta shekarunsu.

Tushe daga Afirka

A 1987, Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson sun binciki mutane 147, suka ce silsilar iyaye mata ta dukan mutanen yau na komawa ga mace guda da ta rayu a Afirka kimanin shekaru 200,000 da suka wuce. Masanan sun jaddada cewa ba ita kaɗai ce mace a zamaninta ba.

Zuriyoyin Afirka ana yi musu laƙabi da harafin L. Daga reshen L3 ne mutanen sauran nahiyoyi suka fito, shekaru 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce.

Hausawa da Fulani

Binciken Elizabeth Watson da abokan aikinta na 1997 ya haɗa da Hausawa, Fulani, Barebari da Buzaye. A 2006, tawagar Viktor Černý ta birnin Prague ta gano cewa akasarin zuriyoyin uwa na Fulani makiyaya irin na Afirka ta Yamma ne, sai kaɗan masu alaƙa da arewacin Afirka da Turai. A 2009 kuma ta danganta reshen L3f3 da masu magana da harsunan Cadi, dangin da Hausa ke ciki, tare da kimanta shekarunsa da kusan 8,000, zamanin da Sahara ke da ciyayi da tafkuna.

Wannan na da muhimmanci ga yankuna irin su 'Yargoje, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, inda manoma da makiyaya suka daɗe suna auratayya, amma rikici ya raba kawunansu. Sakamakon na nuna cewa ta wajen uwa, ƙabilun yankin Sahel na da tushe ɗaya da yawa.

Sai dai masana na gargaɗin cewa wannan gado silsila guda ce cikin ɗimbin kakannin mutum, don haka ba ya tabbatar da ƙabilar kowa.