Amsar Wasiƙa: Tarihin Kujerar Birnin Kano A Majalisar Wakilai

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a Kafur, wanda yake kai masara Dawanau. Ya ce kullum in ya sauke kaya ya zauna da abokan cinikinsa na cikin birni, sai su riƙa yi masa gori wai su ba a yi musu wakili sai wanda suka ga dama, in ya saɓa musu kuma su sauke shi. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne, ko kuwa cika baki ne irin na Kanawa? Kuma mece ce mazaɓa tukuna?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Mazaɓa dai yanki ne da ake shatawa, mutanen cikinsa su zaɓi mutum ɗaya ya tafi majalisa da yawunsu. Tun 1999 Majalisar Wakilai ta Tarayya kujeru 360 gare ta. Jihar Kano na da 24, Jihar Katsina 15. Ku a Kafur an haɗa ku da Malumfashi kuna da kujera ɗaya. A Kano kuwa, saboda cinkoson jama'a, Birni da Kewaye kujerarsa daban, haka Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa, da Tarauni.

Batun gorin da ake yi maka, sai mun koma baya. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, jam'iyyar Sawaba, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Mabiyanta na farko 'yan koli ne, da maɗinka, da mahauta, da marina, da malaman zaure. Ka lura da wannan, don nan asirin yake. Mai sana'a a birni da hannunsa yake ci. Manomi kuwa a wancan zamani, gonarsa da harajinsa da shari'arsa duk suna hannun dagaci da hakimi da alƙalin En'e. Wanda ke iya kwana a gidan yari saboda ya tsaya sauraron lacca, ai ba a ce masa matsoraci don ya yi shiru ba.

A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ake yi. Unguwa ta fitar da wakilai, su kuma su fitar da wasu, har a kai matakin lardi. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko cikin birnin Kano. Amma doka ta ba En'e ikon cusa nata mutane, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da aka tashi, ko mutum ɗaya NEPU ba ta kai Majalisar Kaduna daga Kano ba. A 1954 Malam Aminu ya nemi kujerar majalisar Ikko, Alhaji Maitama Sule na NPC, wanda malamin makaranta ne a lokacin, ya kayar da shi.

Sai a Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya kai tsaye a duk Arewa, kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa ƙuri'a. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa: NPC fartanya, NEPU tauraro. Dattawanmu na Kafur za su tuna da wannan. Da aka kawar da idon mai unguwa daga kan mai zaɓe, sai Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. A majalisa mai kujeru 312, NEPU takwas kacal ta samu, amma ɗaya daga ciki a tsakiyar garin Sarkin Kano take. A lura kuma, maza kaɗai suka yi wannan zaɓe. Matan Arewa sai a 1979 suka fara zaɓen 'yan majalisar tarayya. Kuma kada a ɗauka birni ya zama gadon Malam, domin a 1964 ya rasa kujerar. Bayan shekara ɗaya da 'yan kwanaki, ranar 15 ga Janairu 1966, soja suka rufe majalisar baki ɗaya.

Da aka dawo siyasa a 1979, tsohuwar NEPU ta dawo da sabuwar riga, watau PRP mai alamar mabuɗi. Wannan karon abin ya wuce ganuwa. Alhaji Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano, Alhaji Balarabe Musa kuma gwamnan Kaduna. Ka tuna a lokacin Kafur da Malumfashi da Funtua duk a Jihar Kaduna suke, sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Gwamnonin nan biyu suka soke haraji da jangali. Ka ga ke nan maganar da aka fara a zaurukan birnin Kano shekara talatin baya, ita ce ta zo ta sauke wa manomin Kafur kayan da ya gada tun kaka da kakanni. Amma tafiyar ba ta yi nisa ba. Majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a ciki, ta tsige Balarabe Musa a Yuni 1981. PRP ta dāre gida biyu, Santsi da Taɓo. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Allah ya jiƙansa, kuma a ƙarshen shekarar soja suka sake karɓewa.

Yanzu ga inda labarin ya iso ƙofar gidanka. A 1999 Birni da Kewaye ya zaɓi Alhaji Ghali Umar Na'Abba na PDP, ɗan Tudun Nufawa, wanda ya tashi a gidan 'yan NEPU. Kakakin majalisa na farko, Salisu Buhari mai wakiltar Nasarawa ta Kano, ya sauka a Yuli 1999 kan batun takardun jabu, sai Na'Abba ya hau. Ya yi ta ja-in-ja da Shugaba Obasanjo, har a Agusta 2002 majalisa ta ba shugaban mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Duk ƙasa ta san sunan Na'Abba. Amma a 2003 guguwar ANPP ta kaɗa a Kano, ta tafi da Gwamna Kwankwaso, ta tafi da kujerar Na'Abba. Kakakin majalisa guda, mutum na huɗu a ƙasa, ya faɗi a mazaɓarsa.

To wa ya gaji kujerar kakakin? Alhaji Aminu Bello Masari, wakilin Malumfashi da Kafur, ɗan ƙauyen Masari. Ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2007, kuma a zamaninsa, cikin Mayu 2006, yunƙurin tazarce ya mutu a Majalisar Tarayya. Daga baya ya yi gwamnan Katsina daga 2015 zuwa 2023. Ita kuwa kujerar birnin Kano ba ta bar halinta ba: APC ta ci a 2019, NNPP ta karɓe a 2023.

Saboda haka Malam, abokan cinikinka ba su yi ƙarya ba, birnin Kano ya saba juya wa wakili baya, tun daga Malam Aminu har Na'Abba. Sai dai ba wani sihiri ba ne. Mutane ne da ke zaune kusa da juna, labari na zagaya Kurmi da Kantin Kwari kafin azahar, wakili kuma ba shi da inda zai ɓuya. A karkara nisa ne ke raba mu, amma ranar kasuwa tana haɗa mu, ga rediyo, ga waya a aljihu. Ƙuri'ar mai shago a Kwari ɗaya ce, taka ma ɗaya ce. Wanda ya sayar da tasa kan taliya da turmin atamfa, to ya sayar da bakin da zai tambayi taki da hanya da asibiti har shekara huɗu.

In ka koma Dawanau suka sake yi maka gori, ka ce ka ji, ka kuma yarda. Sannan ka tambaye su, da sandar majalisa ta bar birnin Kano a 2003, wane gari ta nufa? Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ba mu damina mai albarka.